Tandar da Ta Fi Son Kirya

Ran wata Laraba aka kawo injin matse buntu gidan burodin Malam Jaji a Kaura Namoda, daga ranar kuwa bai sake buƙatar itace ba. Abin da ya faru ke nan. Ba a yi tsawa ba, ba wanda ya yi mugun mafarki. Wata a-kori-kura ce ta tsaya a ƙofa, ƙarti suka sauke wani ƙarfe mai shuɗin fenti, aka ba su burodi mai zafi, suka tafi.

Injin aikin Hamida ne, 'yarsa. Ta gama Poli ta zauna gida, kamar yadda masu takardar zamanin nan suka saba, sai wata ƙungiya ta kira masu ƙananan sana'o'i taro a kan kare muhalli. Irin taron nan da ake yi a ɗaki mai sanyi, janareta na turnuƙe unguwa daga waje, ana koya wa mutane illar hayaƙi daga ciki. Yawancin waɗanda suka je sun dawo da riga da hula. Hamida ta dawo da inji.

Aikinsa ba wuyar ganewa. Buntun shinkafar da ake tulawa bayan injinan casa a Shinkafi, a cinna masa wuta ya yi ta cin kansa yana damun jama'a, shi ake ɗebowa. A gauraya shi da ɓawon gyaɗa da ɗan kullun rogo, inji ya matse, ya fito curi-curi kamar guntayen rake, a shanya a rana. In ya shiga tanda sai ya ci a natse, ba tartsatsi, hayaƙi kaɗan, burodi ya fito jawur ko'ina daidai.

Jaji ba mai saurin yarda ba ne. Ya koyar da tarihi a sakandare har fansho ta koya masa cewa ba a cin tarihi, sannan ya gina tanda a bayan gidansa. Ya karanta abin da ya ishe shi sanin cewa duk sabon abin da aka kawo wa talaka don amfaninsa, akwai wani talakan da zai ji a jikinsa. Amma wannan ya yarda da shi, saboda Rekiya, matarsa. Bangon tanda ɗaya ne da na madafarta, ita ce kuma ke kwaɓa fulawa tun ba su da ma'aikaci ko ɗaya. Ta shaƙi hayaƙin nan har ƙirjinta ya riƙa kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce huhu ne. Bara waccan aka binne ta. Ran da aka fara gashi da curin buntu, Jaji ya tsaya bakin tanda ya ja numfashi har ƙasa bai yi tari ba. Sai haushi ya kama shi, ya rasa wanda zai ba laifi.

Talakan da zai ji a jikinsa kuwa, Jaji ya san shi. Labbo ne, yayan Rekiya, wanda ya ba shi aurenta.

A da Labbo yana da garke a wajen Galadi, shanun da in sun taso kiwo sai ka ji ƙasa na motsi. 'Yan bindiga suka kore su a yini ɗaya, sai bijimai biyu da ke gona a lokacin suka tsira. Ya kwaso iyalinsa ya dawo Ɗan Isa, ya sami amalanke. Bai roƙi kowa ba. Bafulatani ne na da, wanda yunwa za ta kayar yana cewa ya ƙoshi. Rekiya ce ta san yadda ta yi: ta aika masa cewa mijinta na shan wahalar itace, masu kawowa na cutarsa, ko Yaya zai taimaka. Da haka Labbo ya zama mai kawo wa gidan burodi itace duk Asabar, yana ganin shi ne ke taimako. Da abin da yake samu a nan yake riƙe gidansa.

Tsakaninsa da Jaji sai kunya. Jaji bai taɓa kama sunansa ba. Ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Shekara da shekaru hirarsu ba ta wuce gaisuwa, da ruwan sama, da lafiyar bijimai ba.

Ana jibi Asabar Hamida ta sami ubanta yana duba curin da aka shanya.

"Baba, Kawu na nan tahe. Ka gaya mai?"

"Zan gaya mai."

"Tun kahin a kawo inji kake za ka."

"To ke da anka ba hula, gaya mai mana."

"Ba ni ya ba aure ba." Ta tsuguna ta juya wani curi. "Ga aiki nan ya hi sara sauƙi. Motar Shinkafi tasha take zube muna buntu, sai mun nemi mai baro. Ɓawon gyaɗa kuma ga shi nan ƙauyukkan su Ɗan Isa, zubarwa ake. Amalankenai ta isa duka. Ba daji, ba gatari."

"Wato in dubi mutumin da ya ba ni uwarki, in ce mai shi aje gatari shi koma kwasar shara."

"Ba shara ba ce, Baba. Makamashi ne."

"A Poli makamashi ne. A Ɗan Isa abin da kaji ke tonawa ne."

Asabar ta zo, Labbo ya zo da hantsi, an riga an kwashe burodi, tanda ta huce. Dogo ne siriri, da malafa, da sanda a kafaɗa ko da yake babu garken da zai kora. Jaji ya fito ya rusuna.

"Yaya, an iso lahiya? Ya hanya?"

"Lahiya lau, Malam. Ya gida, ya ɗiyata?"

"Tana gaisuwa. Ya manyan ga?" Ya nuna bijiman.

"Sun gode."

Ma'aikata suka sauke itace. Jaji ya buɗe baki, ya ji kansa yana cewa bana da alama ruwa zai yi wuri. Labbo ya ce Allah ya sa. Aka sallame shi kamar kullum, aka ɗaura masa burodi a leda don yara, ya juya amalanke.

Haka aka yi wata Asabar ɗin, da wadda ta biyo ta. Ana jibge itacen a kangon baya, inda Rekiya take kiwon awaki a da. Ba wanda ke taɓa shi sai ƙadangaru. Tuli ya yi ta hawa.

"Mun kafa tarihi," in ji Hamida wata safiya, tana kallon kangon. "Mu ne gidan burodin da ba ya ƙona itace amma yana sare daji. Ya kamata ka koyar da wannan."

"Bakinki na uwarki ne."

"Inna da tuni ta gaya mai."

Gaskiya ne, shi ya sa ya yi zafi. Rekiya da ta san yadda za ta lulluɓe maganar ta aika, har Labbo ya ɗauka shi ya kawo shawarar. Ta tafi da wannan ilimin, ta bar Jaji da littattafai.

Damina na gab da faɗuwa tulin ya leƙo saman katanga. Ran nan Labbo ya tsaya da igiyar bijimai a hannu, ya ɗaga kai ya dube shi. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya zagaya ta ƙofar kango, ya zaro wani guntu daga ƙasan tuli, wanda gara ta fara yi wa hanya, ya juya shi a hannu.

"Na ji an ce kun sawo inji," ya ce, bai dubi Jaji ba.

"Na Hamida ne. Wasan 'yan boko."

"To." Ya sake juya guntun. "Malam, itacen ga bai ci ba."

Ba tambaya ba ce. Ƙofa ce dattijon ya buɗe masa, ya kuma tsaya gefe don kada ya tare hanya. Jaji ya ga ƙofar sarai. Ya ga kuma tafin hannun Labbo, yadda gatari ya mai da shi kamar ɓawon kuka, hannun da a da ba ya riƙe komai sai sanda da ƙwaryar nono. Sai ya ji ba zai iya ba.

"Wallahi, Yaya, tandar ce," ya ce. "Tun da anka gyara ta ta zama mai zaɓe. Geza da sabara ba su riƙe mata wuta. Kirya ta hi so."

Wanda ya tashi a kasuwa ya san abin da wannan maganar take nufi. Kirya ta ƙare a kewayen Kaura. Maƙera sun ci, masu gawayi sun ci, masu burodi sun ci, Jaji ma ya ci rabonsa a shekarun farko bai tambayi kowa daga ina ba. Abin da ya rage sai can cikin dajin Zurmi, inda ko maharba sun daina shiga. In mutum ya nemi abin da ya san babu, sallama ce ya yi maka cikin mutunci. Kai kuma sai ka ce Allah ya hore, kowa ya tafi da fuskarsa. Haka ake raba ciniki ba a raba zumunci ba.

"Kirya," in ji Labbo.

"I, amma na san babu ta yanzu. Kar ka wahal da kanka."

Labbo ya mai da guntun inda ya zaro shi, ya kakkaɓe hannu.

"Allah shi hore."

Jaji ya ji amsar da yake jira. Har rakiya ya yi masa zuwa bakin titi. Da ya dawo ya sami Hamida wajen inji, hannunta duk kullu.

"Na sallami kawunki. Ba hayaniya, ba ɓacin rai. Ki koya."

"Mi ka ce mai?"

Ya gaya mata, da ɗan alfahari ma. Ta kashe inji.

"Baba, tun da kake da Kawu, ka taɓa roƙonai wani abu?"

"Ni? Haba."

"To yau ka roƙa."

"Ke ba ki san magana ba. Kawunki ba yaro ba ne, ya gane."

"Kawu bai taɓa ciniki a kasuwa ba sai na shanu, shi ma dillali ke yi mai magana. Wa ya koya mai irin taku?"

Ya ce ta kunna injinta ta bar manya da maganar manya.

Asabar ta gaba Labbo bai zo ba. Jaji ya ce wa Hamida, "Kin gani." Ta koma wajen injinta. Ya yi niyyar bayan an kwana biyu, in maganar ta huce, ya aika ta Ɗan Isa da buhun hatsi ta ce daga makokin wani ne aka raba, ko wata ƙarya mai kama da haka. Ƙaryar alheri ita ma sana'a ce, yana koyonta a makare.

Ran Talata da safe Sanusi maƙeri ya biyo sayen burodi. Mutumin Ɗan Isa ne, mai rumfa a kasuwar Kaura, ba ya shiga wuri bai bar zolaya ba.

"Malam, an ce yanzu da ƙaiƙayi kake gashi. To saura ka fara sai da muna ƙaiƙayin a leda."

"In kai ne ma za ka ci."

"Ni dai ban gane muku ba, kai da surukinka. Kai ka bar itace, shi kuma ya kawo mani gatari shekaranjiya in ƙara mai baki. Na ce Baffa, wanga baki ai ya isa geza. Ya ce ba geza ba, na kirya yake so. Na ce to sai dai ka sari turmin matarka, don nan ne kirya ta saura." Ya yi dariya shi kaɗai, ya ga Jaji bai yi ba, ya tsaya.

Jaji bai ko canza riga ba. Ya tari ɗan acaba a bakin titi, da garin fulawa a hannun rigarsa.

A hanya ya shiga shirya maganar. Ya fara ta da doguwar shimfiɗa, yadda zamani ke juyawa, yadda daji ya ƙare, yadda likita ya ce huhu ne. Ya ga ta yi kama da darasi, ya zubar. Ya gwada ta ta bakin Hamida, cewa yarinyar ce ta matsa. Ya ga wannan ma ɓuya ce. Babur na tsalle a kan kunyoyin gonakin da aka share ana jiran ruwa, dama da hagu kututture ne, sai ɗaiɗaikun gawo da dogon yaro. Bai taɓa lura da yawan kututturen ba, ko da yake da burodinsa aka yi wasu. Kafin su shiga gari ya rage maganar har ta koma abin da numfashi ɗaya zai ɗauka. Ya yi ta maimaita ta a ransa don kada ta kuɓuce.

Amalanke ba ta ƙofar gida. Turakun bijimai biyu na tsaye ba kowa. Ya yi sallama, Zulai matar Labbo ta amsa daga bayan zana.

"Ya tahi tun jiya da asuba, Malam. Yamma da Zurmi ya nuhwa."

"Shi da wa?"

"Shi da Allah. Wa za ya bi shi can? Na yi magana har na gaji. Ya ce tun da ya ba ka Rekiya ba ka taɓa buɗe baki ka nemi wani abu gare shi ba, ko allura. Yau ka nema, shi ce babu?" Sai ta ƙara da cewa, "Daɗi ma ya ji, in gaya maka. Ya daɗe bai ci tuwo kamar daren shekaranjiya ba."

Jaji ya nemi wuri ya zauna a kan turmin da aka kife a ƙofa. Labbo ba ya riƙe waya, yana cewa mai nemansa ya san gidansa. Ba abin yi sai zama. Ya je wajen mai gari, mai gari ya ce tun safe Zulai ta kawo kuka, 'yan sa-kai sun bi sawu. Ya dawo ya zauna. Aka kawo masa fura bai sha ba. Aka yi azahar ya yi salla bai san abin da ya karanta ba.

Bayan la'asar baburan 'yan sa-kai suka shigo a hankali, ba hon. A kan na tsakiya mutum biyu sun sa wani abu dogo tsakaninsu, naɗe da tabarma. Wanda ke gaba, wani Isah, baƙi kakkaura da bindigar toka a baya, ya sauko ya zo wajen Jaji don shi ne babba a ƙofar.

"Sai haƙuri, Malam. Ya gama lodi, ya juyo, 'yan bindiga sunka tare shi a bakin wani rahi. Wani mai kiwon awaki ya gani daga nesa. Shanun suke so. Da ya saki igiya da sun bar shi." Ya share fuska da hannu. "Bai saki ba."

Daga cikin gida kuka ya tashi. Isah ya tsaya kamar akwai sauran abin da ya kamata ya ba da, ya rasa, sai ya ce, "Amalanken tana can, ba abin ja. Kirya ce zalla, Malam. Irin wadda ba mu gani ba tun muna yara."

Aka yi masa sutura kafin magariba. Jaji yana sahun gaba. Da aka zo rufe kabari aka rasa isassun itatuwan jerawa, sai da wani ya cire sandunan rumfarsa. Liman ya yi addu'a, jama'a suka shafa, kowa ya zo ya ba Jaji hannu. Wani tsoho ya ce masa samun suruki irinsa sai an tona, mutumin da ya riƙe Labbo ko bayan ƙanwarsa ta rasu. Jaji ya ce Allah ya jiƙan musulmi.

Hamida ta iso washegari da mata. Da ta fito daga cikin gida idonta jawur, ta tsuguna gefen tabarmarsa. Ya jira ta ce ai ta gaya masa. Ba ta ce ba, wannan ma ya fi zafi.

"Inna Zulai ta tambaye ni ko tandar ta gyaru," ta ce a hankali.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ta tambaye ka."

Zulai ba ta tambaye shi ba. Ita ma tana da kunya.

Gidan burodi bai tsaya ba, don mutane ba sa fasa shan shayi saboda an kashe wani. Injin ya ci gaba da aiki lafiya. Wasu masu tanda biyu suka zo suka gani suka kwaikwaya. Mutanen ƙungiya suka zo da motarsu mai sanyi suka ɗauki hoton Jaji riƙe da curin buntu, suka ce ya yi murmushi, suka ce ya ceci itatuwa masu yawa. Wataƙila ya ceta. Bai musa ba. Wani mai amalanke daga Ɗan Isa ne yanzu ke kawo ɓawon gyaɗa, yana waƙa a hanya, bai taɓa jin cewa aikin ya rage masa daraja ba. Duk wata Jaji na aika wa Zulai hatsi, ba ya haɗawa da wata ƙarya.

Maganar da ya shirya a kan babur kuwa tana nan, ba ta kuɓuce ba. Takan zo masa ran Asabar da hantsi, lokacin da tanda ta huce, ya sami leɓunansa na motsi. Ba wata doguwa ba ce. Ko yaro zai iya faɗin ta.

Yaya, na daina ƙona itace. Akwai wani aikin, ka zo mu yi.